Waya, Rajista da Ƙirgen Kwana: Kai Taimakon Lauya ga Wanda Aka Tsare

Assalamu alaikum warahmatullah. Shugaban taro, iyayenmu malamai, lauyoyi, ɗalibai, jama'a barkanku da war haka. Na can baya kuna ji na? To madalla.

An ce in yi magana kan yadda fasahar zamani za ta kai taimakon shari'a ga wanda ba shi da ƙarfin ɗaukar lauya. Fagen yana da faɗi. Akwai rabon gado, akwai ciyarwa da riƙon 'ya'ya, akwai rikicin gona da na fili. Ni zan tsaya ne a inda abin ya fi ciwo, wato mutumin da aka kama, tun daga daren da ya fara kwana a caji ofis har ranar da alƙali zai saurare shi. A gidajen gyaran hali na Najeriya, kusan mutum biyu cikin kowane uku ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke yi. Da yawansu abin da ya zaunar da su shi ne babu wanda yake ƙirga musu kwana.

Ita kuwa doka ta ƙirga. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu mai hurumi a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu. Laifin da hukuncinsa kisa ne yana da tasa togaciya. Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda lauyoyi ke kira ACJA, ta ce in majistare ya ba da umarnin ajiya, kada ya wuce kwana 14 a karon farko, kuma ƙarin da za a yi yana da iyaka, sai an zo an faɗi dalili. Jihohi sun yi nasu irinta, Kano ta yi tata a 2019, kuma adadin kwanakin yakan bambanta, don haka kowa ya buɗe dokar jiharsa kafin ya saka lamba a kwamfuta. Sashe na 34 na ACJA ya wajabta wa majistare ya zagaya ofisoshin 'yan sanda da ke yankinsa aƙalla sau ɗaya a wata. Sashe na 7 na ita ACJA ɗin ya hana kama wani a madadin wani, irin a zo neman yaro a tafi da uwarsa. Beli kyauta ne, mace kuma tana iya tsaya wa mutum.

To ina ake samun tangarɗa? A tsakanin ofis da ofis. An gurfanar da mutum gaban majistare da takardar FIR, wato rahoton farko da 'yan sanda ke shigar da zargi da shi, a kan fashi da makami, majistare ba shi da hurumin sauraro, sai ya aika shi gidan yarin Kurmawa ko na Goron Dutse a Kano, a jira shawarar ma'aikatar shari'a. Fayil yana hannun ɗan sanda mai bincike. Aka yi masa canjin wurin aiki zuwa wata jiha. Fayil bai je ma'aikata ba, ma'aikata ba ta san da shi ba, kotu tana ta ɗage zama, gidan yari kuma yana riƙe da takardar ajiya. Kowa a cikinsu yana da hujjarsa, mutum kuwa ya shekara uku.

Nan ne wurin da fasaha ta fi amfani, kuma abin da ake bukata bai kai yadda ake zuzutawa ba. Rajista ce mai tunatarwa.

Bari mu bi ta daki-daki. Ƙofar shiga lambar waya ce. Kada a fara da manhajar da sai an sauke ta, domin matar da aka kama ɗanta da ƙarfe biyu na dare, a hannunta ƙaramar waya ce, rakani-kashi. (dariya) Ba ta da data, wataƙila ba ta da kati. Saboda haka a tsara layin yadda filashin kaɗai ya isa, a kira ta. A riƙe layi biyu na kamfanoni daban-daban, don unguwar da wannan ba shi da sabis, wancan yana da shi. Wayar ta zama ta ofis, a riƙa karɓa-karɓa da ita, a rubuta wa ke riƙe da ita kowane dare. In kuka bar ta ta zama lambar mutum ɗaya, ranar da ya bar aiki ya tafi da amanar jama'a a aljihunsa.

Mai ɗaukar kira ba sai lauya ba. Dokar Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta 2011 ta san da zaman mataimakan lauya, waɗanda aka horar su karɓi bayani su kuma nuna hanya. Abin da zai cike bai wuce gurbi takwas ba: cikakken suna da laƙabi, shekaru, rana da lokacin kamu, wane ofis, zargin me, sunan mai bincike, lambar ɗan uwa biyu, sai ko yana da rauni ko ciwon da yake shan magani. Ku lura da laƙabin nan. A caji ofis an rubuta Muhammad Sani, a kotu Sani Mohammed, a gidan yari Moh'd Sani, a unguwa kuwa ba wanda ya san shi sai da Ɗanliti. In kwamfutarku da suna kaɗai take bincike, mutum ɗaya zai zama huɗu, ko huɗu su zama ɗaya, wanda ya fi muni. Ku ba kowace shari'a lambarta, ku haɗa da sunan mahaifiya ko unguwa, sannan lambar FIR in ta samu. Gurbin shekaru kuma kada a tsallake shi, domin in yaro ne bai kai 18 ba, hanyarsa daban ce tun daga ɗakin da za a ajiye shi.

Fom ɗin a ɗora shi kan manhajar da ke aiki ba tare da intanet ba, irin su KoboToolbox ko ODK. A cike a bakin kantar caji ofis, ya zauna a waya, in an samu sabis ya tafi da kansa. Wannan ba ƙawa ba ce. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan sadarwa a Zamfara gaba ɗaya, daga baya aka haɗa da wasu ƙananan hukumomin Katsina, Sakkwato da Kaduna. Duk tsarin da ya jingina da intanet kaɗai, a makonnin nan ya kwanta. Don haka littafin rajista na takarda ya ci gaba da zama a aljihun tebur.

Da an shigar da lokacin kamu, sai ƙirge ya fara. Awa 20, saƙo ya tafi ga lauyan da ke kan aiki. Awa 48 ba a rubuta an kai kotu ko an ba da beli ba, sunan ya koma ja, saƙo ya haura zuwa ga shugaban ofis. In an yi umarnin ajiya, a saka ranar ƙarewarsa, tunatarwa ta zo saura kwana uku. Ƙarshen wata a fitar da jerin sunayen da suka wuce wa'adi, ofis-ofis, a miƙa wa majistare kafin ya fita zagaye. Majistaren da ya shiga caji ofis da takarda a hannu yana cewa "ina wane da aka kama ran 3 ga wata?", ba ɗaya yake da wanda aka zagaya da shi aka nuna masa ɗakin da aka share ba. Kuma lauya yana da ƙofar shiga: umarnin rundunar 'yan sanda mai lamba 20, wanda aka yi wa gyara a 2017, shi ya kafa tsarin lauyoyi masu ziyartar ofisoshin 'yan sanda. A ajiye kwafinsa a waya, wani lokaci sai an nuna.

Amma fa tunatarwa ba ta zuwa kotu. In saƙo ya yi ƙara babu lauyan da ke da kuɗin mai, kun dai sayi agogo mai tsada. Na sha ganin kasafin da kashi mafi tsoka ya tafi ga gina manhaja, aka manta da kati, da kuɗin mota, da batirin caji, da alawus ɗin mai ɗaukar kira. Shekara biyu tallafi ya ƙare, shafi ya mutu. A ganina a fara da abu mai arha, ko da jadawalin Excel ne, sai ya yi muku kaɗan sannan ku nemi babba.

Yanzu saƙon tes. Ga wani abu da masu rubuta Hausa ya kamata su sani. Tes ɗaya yana ɗaukar harafi 160. Amma da ka saka ƙ, ko ɗ, ko ɓ guda ɗaya tak, tsarin zai sauya, saƙon ya koma harafi 70. Abin da ka lissafa tes ɗaya sai ya zama uku, a wasu ƙananan wayoyin ma harafin ya fito akwati-akwati. To sai a zaɓa: a tes a rubuta da k da d da b na yau da kullum, amma a kauce wa kalmar da za ta rikice. Ka rubuta "an daga karar", mai karatu ya tsaya yana tunanin ɗage zama ake nufi ko ɗaukaka ƙara. Gara ka ce "za a koma kotu ran Talata 12 ga wata, karfe 9, kotu mai lamba 4". Rana, lokaci, wuri. Ga wanda ba ya karatun boko kuma, murya ta fi: saƙon da bai wuce minti ɗaya ba, magana ɗaya a ciki, da Hausar kasuwa. Kada ku ce "hurumi" ga wanda bai taɓa shiga kotu ba, ku ce wannan alƙalin ba shi da ikon yin wannan shari'ar. In da hali a yi na Fulatanci da Barbarci.

Sai sirri, kuma a nan ina roƙon ku nutsu. Waya ɗaya a gidajenmu mutum biyar ke taɓa ta. Tana kwana wurin mai caji a bakin titi. Matar da ta kira a kan dukan da mijinta ke mata, in kuka mayar da tes mai cewa "game da ƙararki", wa kuke zaton zai fara karantawa? Tun a kiran farko a tambaye ta: wannan wayar taki ce ke kaɗai? Wane lokaci za a kira? In wani ya ɗauka, me za mu ce? A rubuta amsar. Layin da aka daina amfani da shi ma, kamfani yakan sake sayar da shi bayan wani lokaci, sai ku yi ta aika sirrin wani ga baƙo. Kuma don Allah a daina zuba hoton takardun mutane a zauren WhatsApp mai mutum ɗari. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta hau kan ƙungiyoyin agaji ma, ta ce a karɓi abin da ake bukata kaɗai, in kuma bayanai suka fita ta hanyar da za ta cutar da masu su, a sanar da hukuma cikin awa 72.

Hujjar da ke cikin waya, a taƙaice. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda da ita, amma da sharaɗin a nuna na'urar da ta fito daga ciki tana aiki daidai, galibi ta takardar tabbatarwa. Don haka ku gaya wa mutane kada su goge, kada su sayar da wayar, hoton allo kuma ya nuna lamba da kwanan wata. A kotun shari'ar Musulunci, a maganar aure da gado, ƙa'idojin shaida na Musulunci ake bi, shaidu da iƙirari da rantsuwa, saboda haka saƙon saki da aka turo ta waya ba ya ɗauke bukatar a tambayi mijin ko shi ya aiko.

Zaman kotu ta bidiyo ya samu gindin zama. Babbar kotun Borno ta yi irinsa a Afrilun 2020 lokacin korona, a Yulin shekarar kuma Kotun Ƙoli ta ce bai saɓa wa tsarin mulki ba. Yana maganin "ba motar kawo fursuna". Sai dai a kula da abu biyu: wanda ake tuhuma ya samu ganawa da lauyansa ba gandiroba tsaye a kansa, kuma tafinta ya ji shi sosai. Wanda aka daka a tsare ba zai faɗa ba alhali mai gadinsa na gefen kyamara.

Na ga hannu a can. Bismillah, Hajiya.

Tambayarta ita ce ko za a iya barin ƙirƙirarriyar basira, irin su ChatGPT, ta riƙa amsa wa mutane kai tsaye. Hajiya, a 2023 wata kotun tarayya a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun shigar da takarda ɗauke da shari'o'in da na'urar ta ƙaga, babu su a duniya. Waɗannan fa lauyoyi ne, da Turanci, a kan dokar ƙasar da aka fi rubutu a kanta. Ina ga dokar Jigawa da Hausa? Takan gauraya ta tarayya da ta jiha, ta ba ka kwanakin Legas a shari'ar Kano, kuma cikin murya mai gamsarwa. Inda take da amfani shi ne aikin cikin ofis: ta mayar da saƙon murya rubutu, ta taƙaita dogon bayani, ta yi daftarin takardar neman beli, lauya ya karanta layi-layi kafin ya sa hannu. In kuma dole sai ta yi magana da jama'a, a ɗaure ta da amsoshin da lauya ya riga ya duba, da ta ji an ambaci kamu, ko duka, ko yaro, ko ranar kotu, ta miƙa wa mutum nan take. Sannan kafin ku zuba muryar wani a cikinta, ku binciki inda kamfanin yake ajiye ta.

Akwai wani hannun a gefen taga. A miƙa masa lasifika.