Yadda aka gano ƙauyen kakan Obama a Ailan, da yadda ake irin wannan binciken

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau Ailan zamu je, wannan tsibirin dake yamma da Ingila, amma ta Amurka zamu bi, kuma kafin bidiyon nan ya ƙare zaku gane dalili.

A watan Maris na 1850 wani jirgin ruwa mai suna Marmion ya tsaya a tashar New York, daga Liverpool ya taso. A cikin fasinjojin akwai wani saurayi ɗan shekara 19, sunansa Falmouth Kearney, ubansa shumeka ne, ɗinkin takalma yake a ƙauyensu. Babu wanda ya kula dashi ranar, talaka ne cikin dubban talakawa. Toh wannan yaron shine kakan kakan mahaifiyar Barack Obama. Ƙirga dani: Falmouth ya haifi Mary Ann, Mary Ann ta haifi Ralph Dunham, Ralph ya haifi Stanley, Stanley ya haifi Ann, Ann ta haifi Obama. Amma sai a 2007 aka gano takamaimai garin da ya fito, shekara 157 kenan bayan saukarsa. Me ya jawo wannan jinkirin haka?

Bari mu fara da abinda ya koro su daga gida. Wannan dankalin Turawan da muke saye a kasuwa, wanda har yau wasu ke ce masa Airish, shine abincin talakan Ailan safe da rana da dare. A 1845 wata cuta ta faɗa wa dankalin, sai ka tono shi ka tarar ya ruɓe yayi baƙi yana wari, kuma abin ya maimaita shekara bayan shekara har wajen 1852. Kusan mutum miliyan ɗaya suka mutu da yunwa da zazzaɓi, sama da miliyan kuma suka tsallaka teku. A ƙidayar 1841 mutanen tsibirin sun haura miliyan 8, zuwa 1851 sun dawo kusan miliyan 6 da rabi. Jiragen da ake loda su ciki ma har laƙabi aka musu, jiragen makara, saboda yawan waɗanda ke cikawa a hanya.

Yanzu ga matsalar. Idan ka buɗe takardar fasinjojin jirgi ta wancan zamanin, abinda magatakarda ya rubuta bai wuce suna, shekaru, sana'a, sai ƙasa ba. Ailan, shikenan. Ƙidayar Amurka ma haka, ina aka haife ka, Ailan. Kuma sunayensu ƴan kaɗan ne suke ta juyawa, Murphy, Kelly, Patrick, Mary, Bridget, John. Kaga kamar ace maka jeka nemo wani Musa ɗan Ibrahim da ya bar ƙasar Hausa shekara 170 da suka wuce, ba'a faɗa maka gari ba balle unguwa, ta ina zaka fara don Allah?

Abinda masu binciken asali ke nema ba gunduma bace kawai. Tsibirin nada gundumomi 32, kowace an raba ta yankunan coci, a ƙarƙashinsu kuma akwai wani ɗan ƙaramin yanki da suke cewa taunlan, wani bai wuce gonaki kaɗan da gidaje biyar ko goma ba, kuma irinsu sun kai dubu 60 da ɗoriya. Baƙauyen Ailan da wannan sunan yake gane kansa, dashi ake rubuta shi a littafin haraji, dashi fada ke rubuta shi a coci. In ka samu sunan taunlan ka gama rabin aiki. In baka samu ba, toh ko ka sayi tikiti ka sauka Dublin yawon buɗe ido kawai kaje.

Wani zai ce ai sai a duba takardun gwamnatin Ailan ɗin. Hmm, nan ne abin takaicin yake wallahi. Ranar 30 ga Yuni 1922, a farkon yaƙin basasarsu, ofishin adana takardun ƙasa dake harabar manyan kotuna huɗu a Dublin ya tashi da wuta bayan wata mummunar fashewa, takardun ɗaruruwan shekaru suka zama toka, har guntayensu iska ta riƙa watsawa cikin gari. Ƙidayar 1821 da 1831 da 1841 da 1851 duk suka tafi sai ɓurɓushi, ga wasiyyoyi, ga littattafan cocin Angilika masu yawan gaske da aka kai can wai don a adana. Su kuma na 1861 zuwa 1891 ba wuta ce ta cinye su ba, hukuma ce da kanta ta lalata su tun kafin nan, wasu ma niƙa su akayi lokacin yaƙin duniya na ɗaya. Cikakkun da suka tsira daga zamanin mulkin Ingila sune 1901 da 1911, suna intanet kyauta, amma wanda ya tafi tun 1850 ai bazaka ganshi ciki ba, sai dai jikokin ƴan uwansa da suka zauna.

Ga kuma wani abin, rajistar haihuwa da mutuwa ta gwamnati sai 1864 aka fara ta ga kowa da kowa. Duk wanda aka haifa kafin nan bashi da takardar haihuwa, ba ɓata tayi ba, ba'a taɓa yinta ba ne.

Shi yasa ƙwararru ke cewa kar ka fara daga inda mutum ya fito, fara daga inda ya mutu, sannan ka riƙa ja da baya. Kuma haka akayi da Falmouth. Wata mai binciken asali a Amurka, Megan Smolenyak, ta bi sawun dangin har jihar Ohio, inda aka ga wasiyyar wani ɗan uwan uban Falmouth da ya riga su zuwa, ya bar wa uban Falmouth ɗin fili da sharaɗin sai ya zo Amurka zai gada. Shi ya sa suka riƙa tahowa ɗaya bayan ɗaya, uban a 1849, Falmouth a 1850, uwar da sauran yara a 1851. Amma abinda ya warware ƙullin dutsen kabari ne, a wata maƙabarta a Ohio. A jikin duwatsun dangin an sassaƙa sunan garinsu, Moneygall, gundumar King's. Dubi wannan abu fa, amsar da babu ita a takardar jirgi, babu ita a ƙidaya, tana nan a tsaye cikin ciyawa shekara da shekaru ruwa na dukanta.

Ka lura da sunan gundumar nan. In ka buɗe taswirar yau bazaka ga King's ba, sunanta yanzu Offaly, bayan samun ƴancin kai suka canza. Maƙwabciyarta Queen's ta koma Laois, tashar jirgin Queenstown da miliyoyi suka tashi daga ita ta koma Cobh. Mutane da yawa nan suke ɓata, suyi ta neman garin da yake nan daram sunan ne kawai ya sauya.

Da aka samu sunan gari sai aka tuntuɓi limamin cocin Angilika na yankin, Stephen Neill, ya duba tsofaffin littattafan cocin Templeharry, sai ga sunayen dangin Kearney a ciki. Sunyi sa'a sosai, don littattafan nasu basa cikin waɗanda suka ƙone.

Toh in kabarin bai faɗi komai ba fa? Akwai wasu wuraren, kuma ni wanda yafi burgeni shine na banki. A 1850 aka buɗe wani bankin ajiya na baƙin haure a New York, Emigrant Savings Bank, mafi yawan masu ajiyar ƴan Ailan ne, da yawansu basu iya sa hannu ba, kuma babu hoto babu katin shaida a lokacin. Sai bankin ya ɓullo da dabara, ranar da zaka buɗe asusu za'a tambaye ka, wane ƙauye aka haife ka, wane jirgi ya kawo ka, wace shekara, sunan babanka, sunan mamanka na gidansu, ƴan uwanka nawa kuma suna ina. Duk ranar da kazo cirar kuɗi sai a sake tambayarka a gani ko kaine. Irin tambayar sirrin da banki ke maka yau kenan, amma a littafi da alƙalami. Su tsaron kuɗi suke, basu san tarihin dubban iyalai suke rubutawa ba.

Sai na biyu, wanda in kana karantawa sai jikinka yayi sanyi. Wata jarida a Boston mai suna Pilot ta riƙa buga cigiya daga 1831 har 1921, mata na neman miji, ƙanwa na neman yaya, uwa na neman ɗan da ya tafi aikin layin dogo shiru babu wasiƙa. Kuma saboda masu suna iri ɗaya sunyi yawa dole mai cigiyar ya faɗi yankin coci da taunlan ɗin da mutumin ya fito, da inda aka masa ganin ƙarshe. Banda waɗannan akwai sanarwar rasuwa a jarida, takardun fanshon sojojin yaƙin basasar Amurka, littafin ɗaurin aure na coci, da takardar zama ɗan ƙasa, amma ita wannan sai daga 1906 ta fara faɗin garin haihuwa sosai, na baya yawanci ƙasa kawai suke ambata.

Wata shawara kuma, kar ka kafe kan mutum ɗaya. Duba ƙannensa, duba waɗanda suka tsaya masa shaida ranar aure, duba maƙwabtansa a layi, domin ƴan ƙauye ɗaya tare suke zama, wanda ya riga zuwa shi ke turo kuɗin jirgin na baya. Wataƙila naka kakan bai bar komai ba amma a kabarin ƙanwarsa an rubuta.

Yauwa, ka samu sunan gari, yanzu ne zaka tsallaka. In dangin Katolika ne, kuma sune mafi rinjaye, littattafansu na baftisma da aure basu ƙone ba don suna hannun coci, kuma a 2015 babban ɗakin karatu na ƙasar ya ɗora hotunansu a intanet kyauta, har zuwa wajen 1880. Amma ka shirya, rubutun hannu ne na fada mai sauri, tawada ta kode, kuma da yawa da Latin aka rubuta, James zaka ganshi Jacobus, William ya zama Gulielmus, John ya zama Joannes. Sunan dangi ma kar ka riƙe harafi, Kearney ne yau gobe Carney, O'Brien ya yar da O ɗinsa a hanya ya zama Brien, duk yadda kunnen magatakarda yaji haka yake rubutawa. Wasu yankunan yamma kuma, inda yunwar tafi tsanani, littattafansu basu fara da wuri ba.

Sai littafin ƙiyasin haraji na Richard Griffith, jami'in da ya jagoranci aikin, wanda akayi daga 1847 zuwa 1864, gida gida gona gona, da sunan mai haya da na mai ƙasa da girman filin, har da taswira mai lamba. Da ita zaka iya ɗora tsohuwar taswira kan ta yau ka nuna ainihin inda ɗakin yake.

Kar ka yarda da shekarun da suka faɗa kuma. Da aka fara biyan fanshon tsofaffi ƴan shekara 70 a 1909, sai ga mutanen da a ƙidayar 1901 suke 55, a ta 1911 sun zama 72, haba, shekara goma ce fa tsakani! Abinda zai taimake ka tantancewa shine al'adar suna, ɗan fari yawanci sunan kakansa na wajen uba yake ci, na biyu na wajen uwa, na uku sunan uban. Gwajin DNA ma yana taimakawa, zai haɗa ka da dangi na nesa har ya nuna maka ɓangaren ƙasar, amma bazai ce maka ga gidan ba, sai ka koma kan takarda.

Ba Obama kaɗai bane. Muhammad Ali ma kakan mahaifiyarsa, Abe Grady, daga Ennis ya fito a gundumar Clare, kuma yaje garin a 2009. Shugaban Amurka John Kennedy ma yaje Dunganstown, ƙauyen kakanninsa, a 1963.

Shi Obama ranar 23 ga Mayu 2011 ya sauka Moneygall shi da matarsa Michelle, ƙauyen da mutanensa basu fi 300 da ɗan wani abu ba, ya shiga gidan da akace nan dangin Kearney suka zauna, ya gaisa da jama'a a titi. Da yamma a Dublin yayi musu barkwanci cewa ya dawo ne neman ɗan waƙafin nan na O' da ya faɗi daga sunansu a hanya, wai asalin sunan O'Bama ne. Yanzu in ka bi babbar hanyar M7 daga Dublin zuwa Limerick, daf da ƙauyen akwai wani katafaren gidan mai da wurin cin abinci da aka buɗe a 2014, sunansa Barack Obama Plaza, a sama kuma an ware ɗaki guda ana nuna tarihin zuriyar shumekan nan. Shi kuwa Falmouth a jihar Indiana ya rasu a 1878.