Makon ƙarshe na doguwar tafiya: daga Akra zuwa ƙofar gida

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Ga jakar nan a gabana, ku dubi yadda igiyar kafaɗarta ta koɗe, zif ɗin gefen nan kuwa wani tela ne ya ɗinke min shi a Kumasi. Wata huɗu tana goye a bayana, tun daga Dakar, Banjul, Konakiri, Abijan, har na shigo Gana. Darasinmu na yau a kan dawowa ne, wato makon ƙarshe. A nan ne na ga matafiya suna yin ɓarna, domin jiki ya gaji, guzuri ya yi ƙasa, zuciya kuma ta riga ta isa gida tun ƙafa ba ta isa ba.

Bari in fara da Akra. Duk Bahaushen da ya yi watanni yana fama da Faransanci da Wolof, ranar da ya shiga Nima ko Sabon Zango sai ya ji kamar an sauke masa kaya. Ka ji ana kiran salla, ka ji mai koko da ƙosai tana ce maka "sannu da zuwa", ka sayi shinkafa da waken nan da suke kira wace, wanda sunansa ma daga bakinmu ya fito. Waɗannan zangunan kakanninmu fatake ne suka kafa irinsu, masu zuwa Gwanja sayen goro, suna yada zango a Salaga da Kumasi. Na yi murna ƙwarai da na zauna cikinsu. Amma ɗan uwa, ka tuna har yanzu iyaka uku ce tsakaninka da Najeriya, bayan ita kuma akwai kusan kilomita 1,000 daga Legas zuwa Kano. Kada daɗin zango ya sa ka kwance ɗamara.

To, abu na farko shi ne kuɗin komawa. Tun ranar da za ka bar gida ka ware shi, ka sa a lalita, ka ɗauka ba naka ba ne. Idan ka zo Akra, ka zauna da biro da takarda ka lissafa: mota zuwa Aflao, garin bakin iyakar Gana da Togo, mota daga Lome zuwa Kwatano, daga can zuwa Seme, iyakar Benin da Najeriya, kwana ɗaya a Legas, sannan motar Arewa. Ka ƙara kuɗin kwana biyu a kai saboda lalacewar mota. Sai abin da ya ragu ne na tsaraba.

Kuma ka lura da irin kuɗin. A Gana sidi ne, Togo da Benin sefa, gida naira. Ga su nan a tafin hannuna, ragowar dalasin Gambiya da kuɗin Gini, babu ɗan canjin da ya yarda ya karɓe su da na yi nisa. Kowace ƙasa ka ƙarar da kuɗinta kafin ka fita, ko ka canza a bakin iyakarta. Silalla kam ka yi sadaka da su a can. A Aflao na yi asara, kuma ina faɗa ne don kada ta same ka. Wani ɗan canji ya ƙirga min sefa da sauri, ya naɗe ya miƙo, direba yana ta danna hon, ni kuma na zura a aljihu. Sai a Lome na ga babu jaka biyar, wato sefa dubu biyar, a ciki. Ka karɓi nasa tukuna, ka ƙirga da hannunka sau biyu, sannan ka ba shi naka. Direba ya jira.

Takardu. Fasfo mai tambarin ECOWAS, da katin nan mai ruwan ɗorawa na allurar shawara. Su biyun su kasance a jikinka cikin leda, kada ka bar su a jakar da za a jefa bayan mota. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan wannan ƙungiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma damar shiga ƙasashenta babu biza har kwana 90. Abin da nake so ka riƙe shi ne ƙirga hatimi. Daga Akra zuwa Legas hatimi shida ne: fita Gana, shiga Togo, fita Togo, shiga Benin, fita Benin, shiga Najeriya. Duk inda aka miƙo maka fasfo, ka buɗe a gaban jami'in ka ga hatimin da kwanan watansa. Idan guda ya ɓace, a iyaka ta gaba za ka sha tambaya. Kada kuma ka ba kowa fasfonka a waje wai zai taimake ka, kuma kada ka karɓi ƙunshin wani ka tsallake masa, ko da ya haɗa ka da Allah.

Hanyar kanta ba ta da wuya. Da ka tsallake Aflao ka shiga Lome, babban birnin a bakin iyakar yake. Gaɓar tekun Togo gajeriya ce, kilomita hamsin da 'yan kai, kana kallon teku da itatuwan kwakwa a hannun dama har Aneho. Abin da mutane ke mantawa shi ne agogo: da ka shiga Benin an ƙara awa ɗaya, lokacinsu ɗaya da namu. Wanda ya baro Akra da hantsi yana zaton zai ga Seme da rana, dare ne zai riske shi. Shawarata ka fito bayan sallar asuba, in kuma la'asar ta same ka a Kwatano, ka kwana. Akwai unguwar Zango a can ma. Hanyar Seme zuwa Badagiri cike take da shingayen jami'ai, tafiyar rana ta fi kwanciyar hankali. Tsarabarka ta zama kaɗan, wadda ba za ta yi kama da kayan sayarwa ba, shinkafar waje kuwa kada ka ko taɓa ta, kwastan ba sa barin ta ta iyakar ƙasa.

A Legas ka huta kwana ɗaya, a Agege ko duk inda kake da ɗan uwa. Na san zuciya ba ta so. Amma ka huta, ka tambayi direbobi halin da hanya take ciki a makon nan, ta Jebba da Mokwa ko ta Lokoja da Abuja, ka raba tafiyar biyu in da hali.

Yanzu sai shiga gida, kuma nan ne na fi so mu tsaya. Ka kira ka sanar da ranar isowarka. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana wanda ya daɗe a tafiya ya faɗo wa iyalinsa da dare babu sanarwa, kuma idan ya dawo yakan fara da masallaci ya yi raka'a biyu. Ni a masallacin unguwarmu na yi nawa, jakar tana jingine da bango, kuma a wannan sujadar ce na ji tafiyar ta ƙare. Kasaru ma ta ƙare daga nan, ka koma cika salla.

Jakar kada ta shiga ɗaki. Ka zazzage ta a tsakar gida, ka wanke tufafin da ruwan zafi, ka shanya ita kanta a rana kwana biyu, ka bi ɗinkunan nan da ido, domin a nan kuɗin cizo ke ɓuya. Idan zazzaɓi ya kama ka cikin makonnin farko, ka je asibiti a yi gwaji, ka faɗa wa likita ƙasashen da ka bi.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. Kwana biyun farko gida cike yake, ana ta "ya hanya, ya ka baro su?" A rana ta uku kowa ya koma harkarsa, kai kuma ka farka da asuba babu motar da za ka kama. Wani irin kaɗaici ne, ni ya riƙe ni kusan mako biyu. Abin da ya taimake ni shi ne na sa wa kaina aiki: kullum gida ɗaya na dangi, in kai tsaraba da kaina, in fara da tsofaffi. Su ne masu haƙurin sauraro. Kakata da na ambaci Salaga sai ta gyara zama, ta ce mahaifinta ya je Gwanja da jakuna, ya yi shekara bai dawo ba. Mun kai magariba muna wannan hira, goron da na kawo mata yana kan cinyarta.

Da dare kuma in ɗauko wannan littafin, ga shi, in rubuta kuɗin kowace mota da sunan kowace tasha tun ban manta ba. Daga cikinsa zan karanto muku lissafin hanyar Dakar zuwa Banjul a darasi na gaba, in Allah ya kai mu. Wanda ke kan hanya yanzu, Allah ya sauke ka lafiya. Wassalamu alaikum.