Likitan da ya yi karatu a kwamfuta, za ka yarda ya duba ka?

Sadiq: Assalamu alaikum masu sauraro, daga nan Unguwar Rimi muke gaishe ku. Tun Juma'a saƙonninku ke shigowa kan maganar koyon likitanci ta kwamfuta da waya. Dakta, wani ma cewa ya yi likitan waya ba zai taɓa shi ba.

Dakta Hauwa: Na gani, Malam Sadiq, kuma na fahimci tsoronsa. Amma ya leƙa ɗakin koyon sassan jiki tukuna. Gawa ɗaya ake ba rukunin ɗalibai, wani na leƙe ta kafaɗar wani, kuma jijiyar da aka yanke ta yanku ke nan. A manhaja kuwa sai ka ɗaga fata, ka kawar da tsoka, ka juya zuciya ka ga bayanta, ka mayar, ka sake. Haka bugun zuciya. Gara ɗalibi ya saurari na mai ciwo a manhaja har kunnensa ya saba kafin ya je ya tsaya a kan tsohuwa mai numfashi da ƙyar yana lalube.

Bilkisu: Yaya Hauwa, ga kuma warin maganin da ake adana gawar da shi. Da gaske ne 'yan ajin ba sa cin nama a makon farko?

Dakta Hauwa: Wasu har wata guda!

Sadiq: Har tsire?

Dakta Hauwa: Har shi.

Sadiq: A'a, to ba su ci na Kawo ba.

Bilkisu: Wane Kawo? Malam Sadiq, balangun Tudun Wada fa?

Sadiq: Balangu daban, tsire daban. Yajin ma ba ɗaya ba ne.

Bilkisu: Ai ƙuli suke cikawa a naku.

Sadiq: Ƙulin shi ne tsiren! Masu sauraro, ku raba mana gardama.

Dakta Hauwa: Ku bar ni in ƙarasa, don Allah. Akwai Anki, manhajar katunan tambaya. Tambayar da ta kayar da kai za ta dawo maka da wuri, wadda ka riƙe sai an jima. Karatun shekara shida, da sunayen magunguna da ƙwayoyin cuta, kai ba ya riƙe su sai da maimaici. Ku tuna 2022, yajin aikin ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, daga Fabrairu zuwa Oktoba, wata takwas. Wanda ke da darussa a wayarsa bai koma aji da kai fayau ba.

Bilkisu: In yana da kuɗin data da wutar caji ba.

Dakta Hauwa: Gaskiyarki, shi ya sa nake son makarantu su ajiye darussan a ɗakin karatu, a sauke kyauta. Amma abin da ya fi damuna daban ne. Yawancin hotunan cututtuka da ke cikin manhajojin nan a jikin farar fata aka ɗauke su. Ƙyanda a hoto ja ce jawur. A jikin yaronmu ba za ka ga jan nan ba, sai ka shafa ka ji gurji-gurji, ka buɗe baki ka nemi fararen ɗigo a cikin kumatu. Ƙarancin jini ma, mu ƙasan ido da tafin hannu muke dubawa. Ga sikila, ga sanƙarau lokacin zafi. Waɗannan sai an tsaya bakin gado a asibitin koyarwa na Barau Dikko ko na Shika, babban likita na riƙe da hannunka. Kuma me zai hana malamanmu na jami'o'in KASU da ABU su tara hotunan namu, da izinin marasa lafiya, su zuba a manhaja? Mu ke ganin cututtukan nan kullum.

Sadiq: To mai saƙon nan, me za mu ce masa? Na kuma so mu taɓo masu tambayar ChatGPT magani.

Bilkisu: Malam Sadiq, an kira Magariba fa.

Dakta Hauwa: Wannan ai zama guda ce, kada mu tsakure ta.

Sadiq: Shi ke nan, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A turo ƙuri'a, Kawo ko Tudun Wada.