Iyo, keke, gudu: ranar gasa a Hamburg da tsohon kekena

Salamu alaikum jama'a, barkanmu da safiya. Ku yi haƙuri da muryata, ban samu barcin kirki ba. A watan Yuli a nan Hamburg alfijir yana ketowa tun wajen ƙarfe 3, na yi sallah na koma na kwanta, amma ido ya ƙi rufuwa. Yau ce ranar tirayatalon ɗin da na dame ku da zancenta. Mai riƙe mini kyamara abokina ne ɗan Zangon Kumasi, in kun ji dariya a baya shi ne.

Ga wanda bai san wasan ba: gasa uku ce a haɗe, ba hutu a tsakani. Wadda na shiga ita ce mai tsawon Olamfik, iyo kilomita 1.5, keke kilomita 40, gudu kilomita 10. Akwai ƙarama, rabin wannan. Akwai kuma babbar, Ironman, da aka fara a Hawaii a 1978: iyo kilomita 3.8, keke 180, sannan gudu 42.2. Wannan kam na bar wa masu ita. Wasan bai tsufa ba, a San Diego ta Amurka aka fara shi a 1974, kuma sai a Sydney a 2000 ya shiga Olamfik.

Juyo da kyamara nan. Wannan titin shi ne Ballindamm, an rufe shi gaba ɗaya, nan ne wurin canji, inda ake sauya kaya daga iyo zuwa keke, daga keke zuwa gudu. Dubi kekuna, ido bai kai ƙarshensu. Na kusa da ni ɗin nan, mai baƙar taya kamar faifai, kuɗinsa zai sayi mota. Ga nawa, na hannu ne, na saye shi wurin wani dattijo Bajamushe da gwiwa ta hana shi hawa. Na canja sarƙa da birki, shi ke nan. Ga yadda na jera kayana a ƙasa: hular kwano a kan kan keken, a buɗe, tabarau a ciki, takalmin gudu da igiyar roba don kada in tsaya ɗauri, lambata a jikin bel. Alamar da na riƙe ita ce waccan bishiyar ta gaban shagon agogo, domin in ka fito daga ruwa kanka na juyawa, kekuna duk iri ɗaya suke.

Baffana ya kira ni jiya, tambayarsa ɗaya: "Nawa za su ba ka?" Na ce, "Baffa, ni ne ma na biya." Ya yi shiru, sai ya ce, "Ka biya kuɗi don a wahalar da kai?" Na ce e, fiye da Yuro 100. Ya ce Allah ya shirya. Gaskiyarsa ce ta wani ɓangaren. Dubban mutanen da kuke gani a nan ma'aikatan jinya ne, direbobi, malaman makaranta, 'yan fansho. Ƙwararrun da ake biya daban suke, su ne irin 'yan gidan Brownlee na Ingila, wanda babbansu Alistair ya ci zinare a Landan a 2012 da Rio a 2016. Mu namu lambar wuya ce da ayaba.

To, daga nan kyamara ba ta bin mutum, don haka abin da za ku gani abokina ne ya ɗauka daga kan gada, ni kuma ina bayani daga gida, ƙafafuna a cikin bokitin ruwan sanyi.

Ruwan nan shi ne Alster, tafkin da ke tsakiyar gari. A nan zan daɗe, domin iyo shi ne abin da ke hana yawancin mutanenmu shiga wasan nan. Mu da muka tashi a inda ake dukan yaro in an kama shi a kududdufi, da gemunmu muka koyi iyo. Ni a wurin wanka na unguwa na koya, a layin da ke kusa da na yara 'yan shekara 5 da 6 masu neman bajon Seepferdchen, wanda ake ba yaron da ya iya mita 25. Suna wucewa suna kallona ina riƙe da allon roba ina kurɓar ruwa. Amma ko ka ƙware a can, tafki wani abu ne daban. Ba layin ƙasa da za ka bi, ruwan kore ne, hannunka ma da ƙyar kake gani. Wani ya hau bayanka, wani ya shure maka tabarau, ba da mugunta ba, shi ma numfashi yake nema. Kowane 'yan bugu sai ka ɗaga kai ka nemi babbar balan-balan ɗin da aka kafa, in ba haka ba ka yi ta karkacewa kana ƙara wa kanka tafiya.

Rigar robar da kuka ga na sa tana ɗaga mutum sama a ruwa, ga masu rauni irina rahama ce. Amma ba kullum ake yarda da ita ba. Da safe ake auna ɗumin ruwa, in ya kai wajen digiri 22 a hana. A 2018 ma gansakuka mai guba ta sa aka soke iyon Ironman a wannan tafkin ɗungurungum. Wurin da ya fi ba ni tsoro shi ne nan, inda ake shiga ƙarƙashin gadar da titin Jungfernstieg ya bi ta kanta. Duhu ne, rufin yana kusa da kai, ƙarar ruwa tana dawowa kunnenka. Na daina kallon gaba, na riƙa ƙirga bugun hannu har haske ya bayyana. Kana fitowa sai ga ginin majalisar birni, mutane na ihu, wasu 'yan agaji su kama hannunka su ja ka sama.

Keke kuwa ba ni da dogon labari. Dokoki biyu ne ba a wasa da su. Ba ka taɓa keke sai ka ɗaure hular kwano, kuma ba ka laɓewa a bayan wani don ya tare maka iska. Sai ka bar tazara mai yawa tsakaninku, in ba haka ba alƙali a kan babur ya ɗaga maka shuɗin kati, ka je rumfar hukunci ka tsaya agogo na tafiya. Masu tsadaddun kekuna sun wuce ni da yawa, ni ma na wuce wasunsu a gefen tashar jiragen ruwa inda iska ke bugowa daga kogin Elbe. A ganina wanda zai fara wasan nan ya kashe kuɗinsa a kan malamin iyo, keke kowane iri ne zai kai shi.

Ga inda abokina yake dariya. Dubi yadda nake tafiya bayan na ajiye keke, ƙafafun kamar na aro. Jinin da tsokar duk sun saba da juya feda, sai a ce musu su yi gudu. Shi ya sa a atisaye ake sauka daga keke a zarce da gudu nan take. Kilomita biyun farko ne masu azaba, daga nan jiki ya sake. Wannan matar mai furfura da kuke gani, ta kusa sa'ar mahaifiyata, tun daga bakin tafki muke tare. Na ce a raina zan bar ta a baya. A kilomita na 8 ta ce mini "komm, komm", wato taho, ta wuce, ban sake ganin ta ba sai a wurin shan ruwa.

Na shiga filin Rathausmarkt, inda ake kammala gasar, a kan shuɗiyar darduma cikin awa 3 da 'yan mintuna. Ƙwararru a wannan tsawon ba sa kai awa 2. Aka rataya mini lambar, aka cire na'urar lokaci daga idon sawuna, na zauna a ƙasa ina cin kankana.

Masu tambaya ta ina za su fara: ku nemi ajin iyo na manya a garin da kuke, akwai na mata zalla a wurare da dama a nan Jamus. In kun iya mita 400 ba tsayawa, ku yi rajistar ƙaramar gasa. A bidiyo na gaba zan nuna yadda ake canja tiyub a bakin hanya, domin na ga mutum uku yau a tsaye da faci ba su san yadda za su yi ba. Sai mun haɗu, in Allah ya yarda.