Ɗalibin digirin farko a ɗakin binciken saƙonnin ƙwayoyin halitta

Assalamu alaikum. Shugaban sashe, malamai da ɗalibai, an nemi in yi bayani a kan abin da ɗalibin da bai kammala digirin farko ba zai iya yi a ɗakin gwaje-gwajen bayokemistiri, musamman inda ake nazarin yadda ƙwayoyin halittar jiki ke isar wa juna saƙo.

Idan mutum ya ci abinci sukari ya hau a jininsa, jiki yakan saki insulin, sinadarin da ke rage sukari a jini, shi kuwa sai ya manne da wani furotin da ke jikin fatar ƙwayar tsoka, wannan furotin ya ɗora wa na kusa da shi sinadarin fosfet, saƙon ya yi ta tafiya hannu da hannu har a buɗe wa sukari hanyar shiga. Idan saƙon ya raunana a hanya, ciwon sukari nau'i na biyu ke nan. Edmond Fischer da Edwin Krebs ne suka gano wannan dabara ta kunna furotin da fosfet a shekarun 1950, aka ba su kyautar Nobel a 1992. Kwalara ma, wadda muka san ɓarnarta da damina, matsalar saƙo ce, domin gubarta takan bar wani furotin na hanji a kunne ya kasa kashewa, sai hanji ya yi ta fitar da gishiri da ruwa ba tsayawa.

To, ina gurbin ɗalibi a nan? Makonnin farko wanke kwalabe ne, da auna sinadari a sikeli, da lura da firiza idan an ɗauke wuta, domin kwalba ɗaya ta sinadarin gano furotin, mai ɗan karen tsada, tana iya lalacewa a dare guda. Bayan haka sai a bar shi ya zuba samfuri a ramukan jel, ya sa lantarki ya rarrabe furotin gwargwadon nauyinsu, ya duba ko layin furotin da ake nema a jikin jel ɗin ya yi duhu bayan an sa insulin. Sau da yawa layin ba ya fitowa, kuma a ganina ɗalibin da ya rubuta a littafinsa, da kwanan wata, duk abin da ya zuba a ranar da gwajin ya ƙi, ya fi amfani ga malaminsa a kan wanda ya samu sakamako mai kyau bai san yadda aka yi ba.

Yawancinku kuna jira sai aji huɗu, lokacin furojet, alhali ƙofar tana buɗe tun aji biyu. Ku karanta takarda ɗaya da malamin ya wallafa kafin ku shiga ofishinsa, ku faɗa masa ranakun da ba ku da lacca, sannan ku nemi yin SIWES, wato horon sanin makamar aiki da ake tura ɗalibai, a wurin da ake bincike na gaske.

Akwai kuma batun suna. Charles Best yana da shekara 22, bai jima da gama digirinsa a Jami'ar Toronto ba, aka haɗa shi da Frederick Banting a 1921 suka yi aikin da ya kai ga samo insulin. Da aka ba da Nobel a 1923, Banting da John Macleod, shugaban ɗakin binciken, aka kira, sai Banting ya raba kuɗinsa biyu da Best. Saboda haka tun a makon farko ku tambayi malami, cikin ladabi, wane irin aiki ne ke sa sunan ɗalibi ya shiga takardar da za a wallafa.