Yadda ake yanka wa gwiwar ɗan ƙwallon kwando farashi

Jama'a, barkanmu da war haka. Duk wanda ya taɓa shiga Palais du 29 Juillet nan Yamai kallon ƙwallon kwando ya san abin: yaro ya tashi sama, ya diro kan ƙafar wani, sai ka gan shi ƙasa riƙe da idon sawu yana murƙususu. Mu ƴan kallo iyakarmu mu ce Allah ya sawwaƙe. To akwai waɗanda tuni sun yanka wa wannan faɗuwar farashi, wato masana lissafin haɗari na kamfanonin inshora.

Abin da suke dubawa: mene ne yiwuwar ya ji rauni, wasa nawa zai rasa, kuma nawa ake biyansa. Ga misali, don a gane kawai. A ce cikin ƴan wasa 100 masu shekaru ɗaya da nauyi ɗaya, 5 ne rauni ke kwantarwa a shekara, kowannensu kuma za a biya masa sefa miliyan 20. Miliyan 100 ke nan. A raba wa mutum 100, kowa miliyan 1 ta hau kansa. A kai kamfani zai ɗora kuɗin aiki, da riba, da ajiya saboda shekarar da raunuka suka zo da yawa.

A gasar NBA ta Amurka wasa 82 ake yi a kaka. Inshorar manyan ƴan wasa ba ta fara biya sai mutum ya rasa wasa 41, daga nan ta ɗauki abin da zai iya kai kashi 80 cikin 100 na albashinsa. Targaɗen sati biyu, kulob ya ji da shi. Abin da ake tsoro shi ne irin na Kevin Durant, wanda agararsa ta tsinke a jerin wasannin ƙarshe na 2019, kaka guda cur bai taka fili ba.

Inda lissafin ya fi rashin tausayi shi ne tsohon ciwo. Gwiwar da aka taɓa yi wa tiyata, kamfani na iya cire ta daga yarjejeniya, ko ya ƙi mutumin ɗungum. A 2010 New York Knicks ta ba Amar'e Stoudemire kwantiragin shekara 5 na kusan dala miliyan 100, masu inshora suka duba gwiwoyinsa suka ce ba da su ba. Kulob ya rungumi ƙaddara shi kaɗai. A kakar 2012 zuwa 2013 wasa 29 kacal Stoudemire ya buga, albashi kuwa daga aljihun Knicks ya fita gaba ɗaya.