Abin da damuwa mai daɗewa take yi wa ƙwaƙwalwar yaro

Assalamu alaikum warahmatullah. Jama'a, na gode da kuka ara mini kunnuwanku. Yau a kan damuwa zan yi magana, wadda takan samu wurin zama a jikin mutum watanni ko shekaru, musamman in ta riske shi yana ƙarami.

Mu fara da jiki. Da zarar mutum ya hango haɗari, wani ɗan sashe a can cikin ƙwaƙwalwa mai suna amigdala shi ke kaɗa ƙararrawa. Nan take wasu 'yan gaɓoɓi da ke saman ƙoda su saki sinadarin adirenalin, na kotizol ya biyo baya. Zuciya ta ƙara bugu, sukari ya hau a jini, narkewar abinci ta lafa. Wannan rahama ce, da ita ake kuɓuta daga gobara. Sai dai an yi tsarin ne don ya tashi, sannan ya kwanta. Yaron da ke gidan da kullum ake rigima, ko ake dukansa, ko ba mai waiwayarsa in ya yi kuka, tasa ƙararrawar ba ta yin shiru.

To me ke biyo baya? Akwai sashen da ake kira hifokamfas, wanda ke riƙe abin da aka koya, kuma yana cikin masu umartar kotizol ya sauka. Bruce McEwen na Jami'ar Rockefeller ya nuna a jikin ɓeraye cewa doguwar damuwa tana sa rassan ƙwayoyin wannan sashe su tsuke. Haka ma goshin ƙwaƙwalwa, inda ake tsara tunani da danne fushi, wanda ba ya gama girma sai wajen shekara 25. Ita kuwa amigdala, a ɓerayen da aka gwada, ƙara rassa take yi. Kun ga ke nan mai kawo tsoro yana ƙara ƙarfi, masu kwantar da shi suna raguwa.

Malaman makaranta da ke cikin zauren nan, ku ne na fi so ku ji wannan. Yaron da ba ya iya nutsuwa a aji, aka taɓa shi kaɗan ya zabura, aka koya masa abu yau gobe ya manta, sau da yawa ana yanke masa hukuncin taurin kai ko daƙiƙanci. Wani daga cikinsu ƙwaƙwalwarsa ta koyi darasi ne da kyau, darasin cewa haɗari na iya fitowa kowane lokaci, don haka hankalinsa na kan fuskar malami da bakin ƙofa, ba ya kan allo. In aka ƙara masa da duka, an tabbatar masa da abin da yake zato ke nan. Wannan abu yana ci mini rai ƙwarai.

A 1998 likitoci biyu a Amurka, Vincent Felitti da Robert Anda, suka fara fitar da sakamakon wani bincike da ya haɗa manya fiye da 17,000. An tambaye su abin da suka gani suna yara: duka, cin zarafi, shaye-shaye a gida, ganin ana dukan mahaifiya. Kusan biyu cikin uku sun gamu da aƙalla ɗaya. Waɗanda suka gamu da iri huɗu ko fiye, haɗarin ciwon baƙin ciki da shaye-shaye da yunƙurin kashe kai ya ninka a wurinsu sau huɗu zuwa sha biyu. Har ciwon zuciya ya fi yawa a cikinsu. Amma don Allah kada wani ya lissafa nasa ya yanke ƙauna. Alƙaluman nan na taron jama'a ne, ba sa faɗin makomar mutum ɗaya, kuma da yawa sun sha wuya sun rayu lafiya.

Me ya raba wanda ya tsira da wanda bai tsira ba? Gado na da nasa rabon. Amma abin da ya fi fitowa fili shi ne samun babba guda da yaro zai fake a jikinsa. Michael Meaney na Jami'ar McGill a Kanada ya lura cewa 'ya'yan ɓeran da uwarsu ke yawan lasarsu sukan girma ba su da saurin firgita. Da aka musanya jarirai tsakanin uwaye, sai suka bi halin wadda ta rene su. A 2004 shi da abokan aikinsa suka nuna cewa reno yana canza yadda wata ƙwayar halitta ta gado mai kula da kotizol take aiki.

A cikin mutane ma an gani. Bayan faɗuwar gwamnatin Ceaușescu a Romaniya a 1989, duniya ta ga gidajen marayu cike da jarirai da ake ba abinci amma ba mai ɗaukarsu. A shekarar 2000 masu bincike suka fara bibiyar yara 136 a birnin Bukares, aka mayar da rabinsu hannun iyalai masu riƙo. Waɗanda aka mayar sun fi na gidan marayu a basira, a magana, da iya shaƙuwa da mutane, kuma waɗanda aka ɗauke kafin su cika shekara biyu su suka fi cin moriya. Waɗanda aka ɗauke daga baya ma sun amfana, sai dai wasu tabon sun daɗe ba su goge ba.

Shi ya sa in ana maganar kare yaro nake cewa a fara da duba mai renonsa. Uwar da ciwon baƙin ciki ya kama bayan haihuwa ba ta iya amsa wa jaririnta yadda take so, kuma ba laifinta ba ne. Ciwo ne mai magani, ta hanyar tattaunawa da ƙwararre ko ta ƙwayoyi. Babban da ya taso da irin wannan tabo shi ma ƙwaƙwalwarsa ba ta daina canzawa ba, kuma akwai hanyoyin jinya da aka gwada aka ga suna rage firgici da mafarkin tsoro. Nan zan dakata, in karɓi tambayoyinku.